Ranar da Malam Hudu ya ƙi kauce wa jiniya

Jirgin nan da ke kan tirela a bayan gida, ƙarƙashin darbejiya, wanda kuke jingina da shi kuna ɗaukar hoto, ni nake tuƙa shi tun kuna goye. Jiya da yamma ina goge masa inji na ji ɗan'uwanku Abba yana gaya wa abokansa da suka zo daga unguwar Badawa wai tuƙin jirgin ruwa wasan yara ne. Babu cunkoso, babu rami, babu ɗan sanda mai ba da hannu, fili ne kawai ka ba shi wuta. Ban tanka ba saboda akwai baƙi. Amma tunda kun ce ranar Asabar idan mun je madatsar ruwan Tiga makullin jirgin kuke so, to ku ba ni aron kunnuwanku tukuna. Labarin ya shafi mahaifinku, kuma da izininsa zan ba da shi. Shi ma yakan ba da shi idan ya yi baƙi, sai dai nasa ya ɗan bambanta da nawa.

Aikina na farko a bakin ruwa kankare gansakuka ne daga gindin jirgi. A lokacin akwai wani kulob a bakin Tiga inda Turawa da 'yan Kwara, wato Labanawa, da Indiyawan Nassarawa da Bompai suke zuwa hutun ƙarshen mako. Yawancin jiragensu ba su da inji. Ƙyalle ake ɗaura wa dogon itace a tsakiya, iska ta tura, mu kuwa jirgin ƙyalle muke ce masa. Ubangidana Baba Yohanna ne, mutumin wani ƙauye a ƙasar Zariya, wanda ya yi ƙuruciyarsa a jiragen kogi a Lakwaja. Gajere ne, ba ya ɗaga murya, amma idan ya kalli ƙullin igiyar da ka yi ya yi shiru, gara ya zage ka. Shekara guda cur ina kankara, ina shafa fenti, ina ɗinke ƙyalle da basilla da zare mai kakin zuma, ban taɓa sitiyari ba. Kayan aikinsa duka a cikin wata tsohuwar jakar soja suke: usur na ƙarfe, wuƙa mai lanƙwasa, fitila mai ja a hagu da kore a dama, da kwalayen ashana biyu waɗanda babu ashana a ciki.

Da kwalayen nan ya koya mini dokar ruwa, a kan yashi, bayan baƙi sun watse. Ya ajiye su suna fuskantar juna ya ce, idan masu inji biyu suka yi gaba da gaba, kowa ya karkata damansa, ba a shawara. Ya gitta su ya ce, wanda ya hango ɗan'uwansa ta damansa shi ne zai rage wuta ya bi ta bayansa. Wanda ya zo daga baya yana son wucewa, nauyin kaucewa a kansa yake, ko shi wane ne. Jiragen ƙyalle biyu kuwa, wanda iska ke bugun sa ta hagu shi ke ba da hanya. Sannan ya ɗaga kwali ɗaya ya ce wannan mai inji ne, ya ɗaga ɗayan ya ce wannan mai ƙyalle ne ko mai tuƙi da hannu.

"Wa zai kauce?"

Na ce, "Ƙaramin mana, Baba."

Ya ce, "A titin Kano ke nan. A ruwa mai ƙarfi ke kaucewa. Mai inji yana iya tsayawa, yana iya juyawa. Mai ƙyalle sai inda iska ta ga dama."

Ya kuma koya mini yadda ake gane karo tun yana nesa. Ka saita jirgin da ke tahowa da wani ƙusa a gefen naka. Idan yana zamewa gaba ko baya daga ƙusan, za ku wuce lafiya. Idan ya tsaya cak a kan ƙusan, girma kawai yake ƙarawa, to wuri ɗaya kuka nufa. Har yau ko a mota nake ina yin wannan awon ba tare da na sani ba.

Ranar da aka fara ba ni jirgin ƙyalle, wani ɗan Kwara mai shagon atamfa na ɗauka. Iska tana bugun mu ta dama, wato hanya tawa ce. Sai ga wani Bature, babban manaja a wata masaƙa, ya gitto mu. Na san dokar sarai. Amma ni ɗan talaka da aka rena a kan cewa idan babba ya taho sai ka raɓe ka durƙusa, ina ni ina ci gaba da tafiya a gabansa? Sai na juya don in ba shi wuri. Shi kuwa ya riga ya karkata zai bi ta bayana, kamar yadda doka ta ce. Daidai inda ya nufa nan na kai kaina. Muka gwabza, katakon gefena ya tsage, ɗan Kwara ya sha ruwa har da hularsa. Da muka fito Baba Yohanna ya zagaya jirgin sau biyu, ya shafa tsagar da yatsa.

Ya ce, "Sabo, ladabinka ne ya fasa jirgin nan."

Na ce, "Baba, girmama shi na yi."

Ya ce, "Dokar rabi biyu ce. Mai kaucewa ya kauce, mai hanya kuma ya riƙe hanyarsa, kada ya ƙara kada ya rage, don ɗayan ya san inda zai same shi. Gaisuwa a tudu ake yi."

Kwana tara na yi ina gyaran tsagar nan ni kaɗai, kuma ban sake mantawa ba.

Shekarar da aka ƙaddamar da shari'a ita ce shekararmu mai wuya. Ban ce komai a kan shari'a ba, ni Musulmi ne, na je taron ma. Amma gaskiya ita ce yawancin baƙin kulob ba iska kaɗai ke kawo su ba. Da aka rufe wurin shan abin shansu sai ƙafa ta ɗauke. Wasu suka koma Legas, wasu ƙasashensu. Baba Yohanna ya ga tsufa ya zo, gari kuma ya cika da jita-jita, sai ya haɗa kayansa ya koma ƙauyensu. A tasha ya miƙo mini jakar sojan nan. Jiragen suka zauna a rumfa, gara ta ci na ci, ɓeraye suka yi gida a cikin ƙyallaye. Ƙyallayen da suka tsira na yanka na raba wa masunta. Ni kuma na lallaɓa wani tsohon inji na ɗaura wa kwalekwale, na shiga jigilar mutane da awaki da buhunan albasa tsakanin ƙauyukan bakin ruwa. Wanda ya saba a ce masa kyaftin, sai ga shi yana rigima da akuya a kan wurin zama.

A daidai lokacin kuma mulkin farar hula ya fara zama da gindinsa, sababbin masu kuɗi suka fara sayen jirage masu gudu. Ba su da matuƙa, sai su ba direbobin motocinsu. Abin da na riƙa gani ya hana ni sukuni. Da masu kwalekwale sun ji ƙarar inji sai su rikice, wannan ya yi hagu, wancan ya yi dama, wani ya miƙe tsaye yana jinjina wa mai jirgi. Kwalekwale mai ƙyalle kuwa idan ka juya shi a firgice iska tana bayansa, ƙyallen ne zai watso ɗaya gefen da ƙarfi ya kifar da shi. Wato kuskuren da na yi da Bature shi ne kowa ke yi.

Na je wurin Sarkin Ruwa na roƙe shi ya tara mini masunta da masu fito ranar kasuwa. Na durƙusa a yashi da kwalayen ashanata ina nuna musu, suna dariya. Wanda ya fi kowa gardama shi ne Malam Hudu, wani dattijo siriri mai farin gemu. Tun da aka raba maza da mata a fito, shi aka ba kwalekwalen mata saboda shekarunsa. Ƙyallensa buhunan taki ne aka ɗinke, da wani jan ƙyalle a tsakiya wanda ni na ba shi daga na kulob.

Ya ce, "Yanzu kai Sabo, so kake in hango babban mutum ya taho, in ci gaba da tafiyata kamar ban gan shi ba?"

Na ce, "Haka nake so, Malam. Kada ka juya, kada ka sauke ƙyalle. Shi zai bi ta bayanka."

"In ya bi ta kaina fa? Matan mutane nake ɗauka."

Na ce, "Direbobin zan bi su ɗaya bayan ɗaya in koya musu. Amma ni dai, in ni ne a sitiyari, na yi maka alkawari a gaban Sarkin Ruwa ba zan taɓa bi ta kanka ba."

Ya kalle ni ya ce, "To, Allah ya sa mu gani."

Ba a jima ba mahaifinku ya ɗauke ni aiki. Lokacin yana Honarabul, yana neman komawa kujerarsa karo na biyu, ya sayi jirage biyu don shiga ƙauyukan da mota ba ta kaiwa da damina. Ya ba ni ɗakin nan na baya da nake ciki har yau. Ɗaya jirgin aka ba Ɗanjuma, direban motar da ke share wa ayarinsa hanya. Ɗanjuma gwani ne a titi, ban hana shi ba. Sau uku ina kiran sa da kwalayen ashana yana cewa, "Malam Sabo, wanda ya tuƙa mota a Kano ai ya gama tuƙi."

Ranar da abin ya faru, kamfe za mu je wani ƙauye a tsallaken ruwa, kuma ranar kasuwarsu ce. Mun makara tun daga gida. A bakin ruwa na raba rigunan kariya, masu hana mutum nutsewa. Honarabul ya ce tasa za ta ɓata masa guga, ya ajiye ta a gefe. Maroƙinsa kuwa, wani ƙato mai tsoron ruwa, ya sa tasa a ƙarƙashin babbar riga har ya zama kamar buhun auduga. Ina duba mai sai na ga Ɗanjuma ya kwanto jiniyar motarsa da batir ya ɗaura a goshin jirginsa. Na ce masa ruwa ba ya jin jiniya. Ya yi dariya. Ni ne a gaba saboda na san inda kututturan itatuwa suke a ƙarƙashin ruwa, ɗauke da Honarabul da ɗan sandansa da manyan jam'iyya biyu. Ɗanjuma yana biye da maroƙi da lasifika da samari masu kirari.

Mun kai tsakiya, inda zurfin ya kai tsawon gora uku, sai na hango ƙyalle ta damana. Buhunan taki, ja a tsakiya. Kwalekwalen ya nutse har kusan baki saboda kaya, mata sun cika shi da kwanduna da 'ya'ya a baya. Na saita shi da ƙusan gilashin gabana. Bai zame gaba ba, bai zame baya ba, girma kawai yake yi. Ɗanjuma ma ya gan shi, sai ya saki jiniya.

Duk wanda aka haifa a ƙasar nan ya san abin da jikinsa ke yi idan ya ji jiniya. Na ga matan sun fara waige-waige, wata ta miƙe. Na ga Malam Hudu a baya, igiyar ƙyalle a hannu ɗaya, matuƙi a ɗayan. Ya ɗago ya kalle mu. Bai juya ba. Nan na san maganata ce ta riƙe masa hannu, da shi da duk ran da ke cikin kwalekwalen.

Na rage wuta na karkata dama sosai, yadda zai ga goshina ya bar kansa.

Honarabul ya ce, "Kai, me kake yi haka?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, hanyarsu ce. Ta baya za mu bi."

"Hanyar wa? Ba ka jin jiniya? Ba shi ham ya kauce, jama'a na can suna jira na."

"Ba zai iya kaucewa ba, ranka ya daɗe, a ruwa mai ƙarfi ke kaucewa. In ya juya kifewa zai yi."

Ɗaya daga cikin manyan jam'iyya ya ce ai raini ne, a ce masunci ya tsayar da Honarabul. Mahaifinku ya fusata, ya ce daga yau na bar aikinsa, in tattara kayana daga gidansa. Ya ce wa ɗan sandan ya karɓi sitiyari. Ɗan sandan ya kama kafaɗata ya kai hannu zai ƙara wuta. Kun ga jar igiyar nan da nake ɗaurawa a wuyan hannu, wadda in an fizge ta inji ke mutuwa? Na fizge ta na cusa a aljihu. Inji ya yi shiru. Jirgin ya ci gaba da silalewa a hankali ta inda na riga na saita shi, bayan Malam Hudu.

Na ce, "An kore ni, na ji. Amma sai mun kai tudu. A nan ni ne matuƙi."

Ɗanjuma da ya ga na tsaya, sai ya yi abin da ya saba yi a titi. Ya fizgo ta haguna da dukan wutarsa, zai yanke ta gaban kwalekwalen, yana jiran a taka masa birki. Iska kuwa ba ta san da zamansa ba, tana ta tura Malam Hudu. Sai da ya rage kaɗan ya gane ba za a tsaya ba. Da idona na ga ƙafarsa tana laluben birki a ƙasan jirgi. Ya murɗe sitiyari hagu gaba ɗaya, jirgin ya kwanta a gefe, ya watsar da maroƙi da lasifika da samari biyu cikin ruwa. Jiniya ta yi wani kuka ta mutu. Igiyar ruwan da ya tayar ta doki kwalekwalen ta zuba ciki, mata suka yi salati, suka kama kwarfewa da ƙore da kwanoni. Malam Hudu bai saki igiya ba, bai karkata ko taƙi ɗaya ba. Kwalekwalen ya yi tangaɗi ya daidaita, ya wuce ta gabanmu. Da ya juya don girmama jiniya, ko dai iska ta kifar da shi, ko ya faɗo daidai inda na bi.

Na mayar da jar igiya na tayar da inji. Na zagaya a hankali na kashe wuta kusa da su don kada farfela ta sare wani. Samarin biyu na jawo su da gora. Maroƙi kuwa rigar kariya ta riƙe shi, babbar rigarsa ta buɗe a kan ruwa, yana kwance a tsakiya yana kiran sunan mahaifiyarsa. Sai da mu huɗu muka haɗu muka ciro shi. Ina juyowa na ga Honarabul ya ɗauki rigar kariyarsa yana sawa a kan gugar.

Kafin mu isa, labari ya riga mu, don a kan idon mutanen kasuwa aka yi komai. Matan nan matan ƙauyen ne, uwayensu da 'yan'uwansu. Muna taɓa yashi guɗa ta tashi. Wata tsohuwa da zaninta ya jiƙe sharkaf ta ratso mutane ta tsaya a gaban mahaifinku.

Ta ce, "Kai ne ka tsayar da jirginka don mu wuce? Tun da nake ban taɓa ganin mai jiniya ya tsaya wa talaka ba. Allah ya yi maka albarka, ɗan nan."

Honarabul ya kalle ni, na kalli ƙasa. Ya gyara murya ya ce ai shi haka aka rene shi. A jawabinsa na ranar sau uku yana maimaita cewa mai ƙarfi shi ke kaucewa, ana tafi. Ban ji haushi ba ko kaɗan, daɗi ma na ji, don maganar Baba Yohanna ce ta fito ta bakin lasifikar aro. Ƙauyen nan kuwa har ya bar siyasa ba su taɓa juya masa baya ba. Da za mu koma ya tsaya a bakin jirgi yana gyara hula, bai kalle ni ba ya ce, "Malam Sabo, maganar ɗazu a ruwa aka yi ta, a ruwa ta tsaya." Washegari Ɗanjuma ya zo ɗakina da kansa, da kwalayen ashana biyu da ya saya.

Amma kafin mu bar ƙauyen na je na sami Malam Hudu. Yana zaune a gindin kwalekwalensa shi kaɗai, mata sun kwashe kayansu. Igiyar ta yanka masa tafin hannu, jini ya bushe a kai, yatsun kuma sun ƙi miƙewa. Na durƙusa na gaishe shi, don yanzu a tudu muke.

Ya ce, "Sabo, jiniyar nan har cikin hanjina na ji ta. Sau uku hannuna yana so ya juya."

Na ce, "Me ya hana, Malam?"

Ya ce, "Hularka na hango."

Ya murza yatsun, sannan ya ce, "Kasuwa mai zuwa ma ta nan zan bi."

Na ce, "Bi, Malam. Hanyarka ce."

Malam Hudu ya rasu, Allah ya jiƙansa. Ɗansa ne ke jan kwalekwalen mata yanzu, jan ƙyallen nan ma yana nan, ya koɗe. Ranar Asabar za ku gan shi. Ku lura da kyau, idan ya ji ƙarar injinmu ko waiwayowa ba ya yi, haka sauran masu fito. Sun san jirgin gidan nan ta baya yake bi. Shekaru na yi ina gina wannan rashin waiwayen, kuma duk wanda na ba makullin nan, wannan amanar na damƙa masa, da matan da ke zaune a kwalekwalen.

Abba, shiga kicin ka ce a ba ka kwalin ashana biyu. Ka zubar da ashanar, ka same ni a gindin darbejiya.